Yaron da bai iya kombo ba yana cina a Tekken kullum, iyawa ce ko canke?

Kazuya_Ringim:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masana ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun ƙaramar sallah. A shagon gem ɗin da muke zuwa nan bayan tasha akwai PS4 ɗaya mai gem ɗin faɗa Tekken 7, ni na fi shekara uku ina ɗaukar Kazuya cikin ƴan wasan gem ɗin, na zauna na haddace kombo, wato jerin duka da ake haɗawa ba yankewa, har wanda yake kai mutum bango. To akwai wani yaro ƙanin abokina, bai wuce shekara 14 ba, da safe yana gona da babansu sai bayan la'asar yake leƙowa, Paul kaɗai yake ɗauka kuma wallahi abu huɗu yake yi: naushin nan mai nauyi da Paul yake kaiwa ciki, sharar ƙafa mai haɗe da duka biyu, kamu, sai ɗan naushin hagu. Shi ke nan. Amma ina durƙusawa sai ya dirka min na ciki, ina miƙewa sai ya share ni, kamar a cikin kaina yake zaune. Jiya sau 7 a jere ya ci ni kuma ni na biya duka tunda dokar shagon wanda aka ci shi ke biya. Na ce masa wannan ba iyawa ba ce canke ne, sai ya ce min "Yaya ai kai kake faɗa min abin da za ka yi". Ni dai a ganina wanda ya san kombo shi ne gwani, sauran sa'a ce. Ko akwai abin da ban gane ba?

SubZero_Bichi:
Wa alaikumus salam. Ina bayanka ɗari bisa ɗari abokina. Irinsu ne suke ɓata gem, mutum ya kama abu ɗaya yayi ta maimaitawa. Mu a nan akwai wanda in ya ɗauki Sub-Zero a Mortal Kombat ba abinda yake sai sulɓin nan na ƙasa da ƙanƙara, tun daga farko har ƙarshe. Mun daina bashi hannu ma.

Baffa_Mai_Gem:
Ɗana Kazuya_Ringim, kayi haƙuri da abinda zan faɗa, yaron nan gaskiya ya gaya maka. Shekara 11 ina riƙe da shagon gem a Gumel tun ana yayin Tekken 5 a PS2, kuma aikina kenan in zauna a bayan benci ina kallon hannun yara da fuskarsu, wanda yake cikin wasa baya ganin abinda nake gani. Kusan kowa yana da ɗabi'a uku ko huɗu da bai san yana dasu ba. Wani da zarar an share shi sau biyu, karo na uku ko bindiga zaka saka masa sai ya durƙusa. Wani in ya faɗi ƙasa baya iya kwanciya ko sakan ɗaya, sai ya tashi da shuri. Wani in jininsa yayi ja sai kaga kafaɗarsa ta ɗaga ya matso gaban benci, kasan reji zai saki, babban dukan nan da ake samu in jini ya kusa ƙarewa. Yaron da kake magana ya haddace naka ne kamar yadda kai ka haddace kombo. Kuma ka tuna kombo sai ka ɗaga mutum sama tukun yake farawa, in baka samu ƙofar shiga ba duk haddar nan a aljihunka zata kwana.

Kazuya_Ringim:
Baffa na ji kuma na gode, amma ai in ya matso kusa da ni abu biyu ne, ko ƙasa ko ciki. Ko ni ko shi wani zai dace. Ina iyawar take a nan?

Malam_Firem:
Bari in shigo da ɗan lissafi, don a nan ne amsar take. Waɗannan gem ɗin duk suna tafiya ne da hoto 60 a sakan ɗaya, kowane hoto shi ake ce wa firem. A Tekken ɗan naushin hagu na yawancin ƴan wasa yana fita a firem 10, tsallen shurin da ke ɗaga mutum sama firem 15. Shi kuma ɗan Adam daga ido ya gani zuwa yatsa ya danna yana cin wajen rubu'in sakan, wato kusan firem 15, wannan ma in abu ɗaya tak kake jira. In kana jiran abu uku lokacin sai ya ƙaru. Sharar ƙafar Paul ba ta kai firem 20 ba, don haka babu mahaluƙin da zai gan ta da ido ya tare, sai dai ya yi hasashe tun kafin ta fito. Amma ka ɗauki doguwar sharar Bryan wadda yake juyawa da dukan jiki, tana cin kusan rabin sakan, wannan in ta same ka laifinka ne don ana iya ganinta.

To ka ga gaskiyarka a rabi, akwai canke a ciki kuma da gangan masu gem ɗin suka gina shi haka. Duka kala uku ne: na sama, na tsakiya, na ƙasa. A tsaye kana tare na sama da na tsakiya, a durƙushe kana tare na ƙasa kuma na sama da kamu su wuce ta kanka, amma na tsakiya ya same ka. Inda ka kuskure shi ne ladan ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. In ka tare sharar Paul a kusa sai ya yi tangal-tangal, kana da isasshen lokaci ka ɗaga shi ka zuba masa kombon nan naka gaba ɗaya. Shi ma yana saka wuyansa a duk lokacin da ya share ka. Tambayar ita ce, cikin wasa 7 ɗin nan sau nawa ka tare ta, kuma da ka tare me ka yi?

Kazuya_Ringim:
Na tare kamar sau uku ko huɗu. Gaskiya mamaki ne yake kama ni, kafin in ankara ya dawo daidai, sai in ɗan naushe shi kawai.

Malam_Firem:
To ka ga inda gizo yake saƙar. Kana sayar masa da sharar da arha. In ya dace ya ci jini mai yawa, in bai dace ba ya biya da ɗan naushi, ko ni ne ba zan daina ba. Ran da ya san kowace shara da aka tare tana cin kusan sulusin jininsa, da kansa zai rage ta, in ya rage ta kai kuma sai ka tsaya a tsaye hankalinka kwance.

Bahago_Babura:
Ni abin nan dambe yake tuna min wlh. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili bayan girbi ya kalli manya yasan ba yawan jefa hannu bane kisa. Zaka ga ɗan dambe ya kwashe turmi guda yana auna abokin karawarsa da hannun da ba a naɗe ba, yana ɗan girgiza kafaɗa kamar zai saki, bai saki ba, yana kallon ta ina wancan yake kaucewa. Ya gwada sau biyu yaga kullum hagu yake sunkuyawa, a turmi na biyu sai kaji tim, can hagun hannun ya je ya jira shi. Jama'a suce sa'a, makaɗa kuwa sun san ba sa'a bace. Yaronka turmin farko yake amfani dashi ya karance ka, kai kuma kana can kana neman inda zaka nuna kombo.

SubZero_Bichi:
Ku dai kuna ƙawata abin ne kawai. Dambe daban gem daban. Maimaita abu ɗaya rashin kunya ne ko a ina.

Yar_Kazaure:
Yaya SubZero sulɓin da kake kuka dashi fa in ka tare shi a durƙushe Sub-Zero a gabanka yake tsayawa ba kariya, ko afakot, naushin nan mai tasowa daga ƙasa, ka bashi ya isa. Hana shi hannu da kuka yi bai koya muku komai ba.

Ni a waya nake bugawa, Tekken 6 a PPSSPP, manhajar da ake buga gem ɗin PSP da ita, ni da yayyena biyu muna haɗawa da hotspot da daddare in an samu caji. Babban yayana ya fini saurin hannu nesa ba kusa ba amma na gano yadda nake cinsa. A zagayen farko duk sanda na kayar dashi sai in matsa in kai masa duka na ƙasa yana kwance, sau uku ina yin haka ko da zan rasa zagayen ban damu ba. To ya saba. A zagaye na ƙarshe ina kayar dashi sai in taka gaba kamar zan sake, in ja baya, shi kuma ya riga ya saki shurin tashi, ƙafarsa ta daki iska, kafin ya dawo da ita na ɗaga shi. Kamar yadda ake sabawa kaji da tsaba a wuri ɗaya ne kafin ranar da za a kama su. Sai da ya yi wata biyu kafin ya gane, yanzu kuma da ya gane sai yake kwanciya shiru, ni kuma na koma dukan ƙasan da gaske.

Baffa_Mai_Gem:
Madalla da ƴata. Wannan na ƙarshen da kika faɗa shi ne zurfin abin. Na san ka sani, ka san na san ka sani, to yanzu wa zai fara canzawa. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Dan_Hadejia99:
Mutanen Japan suna da suna ma da suke kiran wannan, yomi, wato karantawa. Duk mai shakka yaje YouTube ya nemi wasan Daigo Umehara da Justin Wong a gasar EVO ta 2004 a Amurka, Street Fighter III 3rd Strike. Daigo yana da Ken, jininsa saura ɗigo, ko tarewa yayi zai mutu don babban duka yana ɗan cin jini ko an tare. Justin ya saki babban shurin Chun-Li mai duka 15, Daigo ya kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ma a sama yayi tsalle ya kaɗe, ya sauko da kombo ya gama dashi. Kuma kaɗewar nan gaba ake dannawa ba baya ba, kuskure ɗaya shi kenan.

SubZero_Bichi:
To ai ka kawo min hujja da kanka. Wannan saurin hannu ne da atisaye, ba wani karanta zuciya.

Dan_Hadejia99:
Sha huɗun baya atisaye ne, na yarda. Amma na farkon fa? Shurin yana fita da saurin da in ka jira ka ganshi ka makara, dole ka riga ka danna gaba daidai lokacin da zai saki. Ka sake kallo zaka ga Daigo yana ta ɗan takawa gaba da baya yana riƙe tazara, yasan abinda Justin yake so yayi kenan don shi ne hanya mafi sauƙi ta ƙarasa shi. Ya karanta tukun, sannan hannu ya cika aiki. Biyun ake buƙata.

Mai_Sola_Jahun:
Ku tsaya kafin ku ɗorawa bawan Allah laifi duka. Wace irin tibi ce a shagon? Ni gyaran sola da haɗa kayan kallo nake yi, kuma na sha gani, filasman nan masu araha suna jinkirta hoto, ka danna yanzu sai bayan ɗan lokaci ka gani. A kallon ƙwallo ba zaka lura ba amma a gem ɗin faɗa firem uku huɗu ba wasa bane. Ku shiga saitin hoto ku nemi inda aka rubuta Game Mode ku kunna. Tsohuwar tibi mai doro bata da wannan matsalar, shi yasa waɗanda suka taso da PS2 suke cewa da sun fi iya ƙwace kamu. Sannan a duba fad ɗin, wato abin dannawa na hannu, robar ƙarƙashin madannin ƙasa ita take fara mutuwa saboda ƙura, musamman da hunturu.

Kazuya_Ringim:
Filasma ce inci 32. Zan roƙi mai shagon ya duba. Amma fa tibi ɗaya muke kallo ni da yaron.

Malam_Firem:
Tibi ɗaya ce amma jinkirin ba ya cutar da ku daidai. Shi mai kai hari da hasashe ba ruwansa, kai mai jiran ka gani ka mayar da martani kai ne a ruwa. Duk da haka kar ka rataya komai a wuyan tibi.

Ga wani abu da ba wanda ya ambata: waye ya ce dole ka tsaya a inda zai sa ka canke? Sharar Paul sai a kurkusa take kayarwa da kyau. Akwai ja da baya irin na ƴan Koriya, ka danna baya sau biyu, ka katse da ƙasa-baya, ka sake baya, a jere ba tsayawa, sai ka ga mutum yana sulalewa kamar a kan santsi. In ka iya ko rabinsa, sharar za ta riƙa dukan iska, kuma babu lokacin da ya fi daɗin hukunta mutum kamar sanda ya daki iska. Sannan in ya fara shigowa ka tare shi da ɗan naushin hagu, firem 10 ne, ya riga duk manyan dukansa fita. Shi kuma kamu ka kalli hannu: in hannun hagu ya miƙo madannin bokis za ka danna, na dama tirayangul, in biyu ne ka haɗa su. A Tekken 7 ma kamun gama-gari ko wanne ka danna cikin biyun yana ƙwacewa. A cikin ƴan wasan, King mugu ne a nan don yana da kamu biyu masu kama da juna da maganinsu daban.

Kawu_Na_Garki:
Ni ban san firem ba, ɗana ne ya saka ni a gurup ɗin nan don in ga abinda suke yi. Abu ɗaya ya dame ni, maganar wanda aka ci shi ke biya. Ku yi hattara yara, daga nan ake zarcewa a fara ajiye kuɗi a kan benci, kuma wannan caca ce ba wani suna. Sannan in an kira magariba a ajiye.

Baffa_Mai_Gem:
Gaskiya ne Yaya, Allah ya saka da alheri. Ni a shagona kowa rabi yake biya kuma ana kiran sallah nake kashe janareto. Na ma lura da wani abu, yaron da yake tsoron biyan kuɗi baya koyo, don ba zai yarda ya sadaukar da zagaye ɗaya ya gwada abokinsa ba irin yadda Yar_Kazaure take yi. Tsoron asara yana sa mutum ya koma kan ɗabi'arsa, ɗabi'ar nan kuwa ita ake karantawa.

Auta_Taura:
Ni tambaya ta ina wani ɗan Indiya da akace yazo daga inda ba a sani ba ya cinye ƴan Koriya? a shagon gem irin namu akace ya koya

Dan_Hadejia99:
Ba ɗan Indiya bane ƙanina, ɗan Pakistan ne daga Lahore, Arslan Ash. A 2019 ya ci EVO Japan sannan ya ci EVO ta Las Vegas a Tekken 7, a wasan ƙarshe ya doke Knee na Koriya ta Kudu wanda da yawa suke ɗauka babu kamarsa a tarihin Tekken. Da ya ci a nan kan dandamali yayi sujada. Kuma eh a shagunan gem na garinsu ya taso. Abinda yasa na ji daɗin ka kawo shi, Kazumi ya ɗauka, kuma duk wanda ya kalli wasan yasan ba da dogon kombo ya ci ba. Ƙananan duka ne, tazara, ja da baya, da hukunta duk kuskure. In ka kalle shi sama-sama sai kace abu huɗu yake yi, kamar dai yaron Ringim.

Bahago_Babura:
Allahu akbar. To ashe zama da gwanaye a benci ɗaya yafi intanet mai ƙarfi.

Mai_Sola_Jahun:
A wajenmu ma dole ne, da netwok ɗin da muke dashi in ka shiga onlayin kafin dukanka ya fita an gama da kai. Gara na gaba da gaba, kana jin ƙarar madannin mutum ma. Akwai wani a Jahun da yake danna madannin da ba komai a kai da ƙarfi don kaji ka zaci ya saki duka.

SubZero_Bichi:
To wannan fa, shima iyawa ce ko ha'inci? Don in an bi ta taku komai ya halatta.

Yar_Kazaure:
Ni a wajena abinda ke cikin allo duk halal ne, ka maimaita sau ɗari in ban iya tarewa ba matsalata ce. Amma leƙen hannun mutum ko taɓa masa fad ko yi masa ihu a kunne, wannan ba wasa bane. Danna madannin banza kuma ban san inda zan ajiye shi ba gaskiya, yana tsakiya.

Baffa_Mai_Gem:
Ni ina hana leƙen hannu, har kwali nake sakawa a tsakani in gasa muke yi. Ƙarar madanni kuwa ban taɓa hanawa ba, wanda ya dogara da kunnensa shi ya jawo.

Kazuya_Ringim:
Na dawo da rahoto. Yau bayan la'asar mun buga 8, ya ci 5 na ci 3. Mai shagon ya kunna Game Mode ɗin kuma mun yarda kowa ya biya rabi. Na bar zagayen farko ina tsaye kawai ina kallo, sai na lura in ya kai ni bango kusan kullum da shara yake farawa, a tsakiyar fili kuma naushin ciki ya fi saki. Sau biyu na tare sharar na ɗaga shi, na ga ya gyara zama ya daina surutu. Amma a wasa na shida ya gane ina durƙusawa a bango, ya koma na ciki, ya manna ni sau uku a jere. Har yanzu ina ganin akwai sa'a a ciki, SubZero bai yi ƙarya duka ba, don wasan ƙarshe kowa saura ɗigo ne kuma da na durƙusa da ni na ci. Ja da bayan ƴan Koriya kuma ya ƙi fita, babban yatsana har ya yi ja. Malam_Firem a fad da yatsa ɗaya ake yi ko biyu?

Malam_Firem:
Da babban yatsa ɗaya ake yi, kar ka ɗaga shi gaba ɗaya, ka riƙa mirgina shi daga ƙasa-baya zuwa baya. Fara a hankali a wajen atisaye, minti goma kullum, saurin zai zo da kansa. Kuma ka gwada ta ɓangaren dama ma don yawanci nan ne yake ƙin fita.

SubZero_Bichi:
3 cikin 8 ai har yanzu yaron ne a sama. Ni ku kawo min shi a Mortal Kombat 11 mu gani ko karatun nasa zai yi aiki inda ake tarewa da madannin R2.

Bahago_Babura:
Ranar Lahadi zan shigo kasuwar Gujungu da awaki, in na sayar da wuri zan ƙaraso Ringim kafin la'asar. Kazuya ka cewa yaron ya zo, ina so in zauna a bayansa in ga hannunsa. Baffa in kana da fad mai lafiya ka aiko dashi ta motar Gumel.

Baffa_Mai_Gem:
Akwai guda biyu, zan bawa direba ranar Asabar da yamma. A dawo min dasu Litinin don Allah, yara suna jira.